Bayan an tashi daga duti: me tallafin abokan aiki ke iya yi wa ma'aikacin lafiya?

A 2012 aka buga sakamakon wani ɗan bincike da aka yi a wani babban asibitin koyarwa a Boston, ƙasar Amurka. An tambayi likitocin tiyata da na sashen gaggawa da masu sa barci lokacin tiyata: idan abu mai nauyi ya auka muku, wa za ku nufa? Kashi 88 cikin 100 suka ce likita ɗan'uwansu. Masu cewa za su je wurin ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai rabi ba, kashi 48 ne, ofishin da aka keɓe don jin matsalolin ma'aikata kuwa kashi 29 kawai ya samu. Waɗanda aka tambaya ba su da yawa, ɗari da 'yan kai ne, kuma a asibiti ɗaya. Amma duk wanda ya taɓa zama da ma'aikatan lafiya ya san wannan ba sabon labari ba ne. Nas ɗin da jariri ya cika a hannunta da asuba ba takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa take nema ba. Wadda ta taɓa riƙe irin wannan jaririn take nema.

A kan wannan ne asibitoci da dama suka gina tsari cikin shekaru ashirin da suka wuce: a zaɓi wasu daga cikin ma'aikata, a horar da su, su riƙa tsaya wa 'yan'uwansu idan aiki ya yi musu nauyi. Ina ganin tsarin yana da amfani na gaske, ina kuma son ya yaɗu. Sai dai babu abin da ke cutar da shi kamar a ɗora masa kayan da ba nasa ba. Abokin aiki yana iya raba mutum da kaɗaici da kunya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙara yawan nas-nas a ɗakin da mutum biyu ke kula da gado arba'in kuwa ba ya hannunsa.

Gajiyar da ke addabar ma'aikatan lafiya, wato galabaitar aiki, ba irin wadda barcin yini ɗaya ke wankewa ba ce. Masanin halayyar ɗan'adam Herbert Freudenberger ya bayyana ta a 1974, bayan ya lura da masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a New York: mutane sun zo da zafinsu, kafin a jima sai ga shi sun lafa, sun zama masu saurin fushi, sun ƙosa da waɗanda suka zo domin su. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar da ma'aunin da har yau aka fi amfani da shi wajen auna ta. A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a kundinta na rarrabe cututtuka, bugu na 11, ta ce ba cuta ba ce, yanayi ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Wato hukumar ta ajiye tushen matsalar a wurin aiki. Da annobar korona ta zo, abin ya fito fili ƙarara: a Amurka, likitocin da suka nuna aƙalla alama ɗaya sun tashi daga kashi 38.2 a 2020 zuwa kashi 62.8 a 2021.

Alamun uku ne: ƙarewar ƙarfi, janyewar zuciya daga aikin, da jin cewa ba ka tsinana komai. Ta tsakiyar ce marasa lafiya ke gani. Mace mai suna da 'ya'ya ta koma "gado na shida". Uba ya tsaya a bakin ƙofa yana maimaita tambayarsa, nas ta amsa masa ba ta ko ɗago kai daga fayil ba. Jama'a su ce ma'aikatan asibiti ba su da imani. Sau da yawa wadda ake zagin ita ce wadda a farkon aikinta take shiga banɗaki ta yi kuka duk ranar da aka yi rashi. Ta koyi kulle zuciyarta ne don ta iya dawowa gobe, kuma ita ma ta san ta canja, abin yana cinta, ba ta da wanda za ta faɗa wa.

To me ya sa sai abokin aiki? Da farko dai ba ya buƙatar dogon bayani. Idan ungozoma ta ce wa 'yar'uwarta, "Jinin ya ƙi tsayawa, ga shi babu na ƙari a ma'ajiya," ta gama magana. Mijinta a gida, komai ƙaunarsa, sai ta faro masa daga tushe, tana cikin bayanin kuma za ta ga fuskarsa ta canja, sai ta koma lallashinsa. Ga amanar sirrin mara lafiya, wadda ta hana ta faɗin rabin abin da ke ranta. Shi ya sa da yawa in aka ce musu "Ya aiki?" sai su ce "Da godiya," su ja bakinsu.

Dalilin da ya fi wannan ƙarfi shi ne, akwai maganar da abokin aiki kaɗai ke da ikon faɗa. Bayan mummunan sakamako, tambayar da ke hana ma'aikaci barci guda ce: da wani ne a wurina, da mutumin nan ya tashi? Mahaifiyarsa za ta ce masa ba laifinsa ba ne, ba zai ji ba, domin ba ta san aikin ba. Likitan ƙwaƙwalwa zai taimaka masa da damuwar, amma bai taɓa riƙe wuƙar tiyata jini na kwarara ba. In kuwa babban likitan da ya daɗe yana wannan aikin ya ja kujera ya zauna kusa da shi ya ce, "Dakta, irin wannan ya taɓa faruwa da ni, na daɗe ina jin gabana na faɗuwa in zan shiga ɗakin tiyata," to an taɓa inda ciwon yake. Kunya tana samun ƙarfi ne daga zaton cewa kai kaɗai ne, kuma aikin likitanci yana ciyar da wannan zaton, domin tun daga makaranta ake koya wa ɗalibi cewa gwani ba ya kuskure, ba ya gajiya, ba ya cewa wayyo. Manya ba sa ba da labarin faɗuwarsu, don haka ƙanana ke ɗauka ba su taɓa faɗuwa ba.

A shekarar 2000 Albert Wu, likita a jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, ya rubuta a mujallar likitoci ta Birtaniya cewa bayan mara lafiya da iyalinsa, akwai mutum na biyu da kuskuren asibiti ke raunatawa, wato wanda kuskuren ya fito ta hannunsa. A ɗauki nas a dutin dare, wajen ƙarfe uku, ita kaɗai a ɓangarenta, ga kwalabe biyu masu kama da juna a kan tire. Ta yi wa yaro allurar da ba tasa ba. An farga da wuri, an ceto yaron. Da gari ya waye sai aikin takarda ya fara: rahoto, takardar tuhuma, zaman kwamiti. Duk wannan daidai ne, dole a bincika, haƙƙin yaron da iyayensa ne. Amma in ta shigo ɗakin hutawa sai hira ta tsaya. Ba mugunta ba ce, ba su san me za su ce mata ba ne, ita kuwa shirun nan hukunci take jin sa. Jibi ta koma duti. Kowace kwalba sai ta juya ta ta sake juyawa, hannunta na rawa in za ta zuƙi magani, in ta kwanta fuskar uwar yaron take gani. Asibiti ya binciki kwalbar, ya binciki alamar da ke jikinta, ya binciki jadawalin duti. Ba wanda ya tambaye ta ko za ta iya kai kanta gida a wannan safiyar. Bayan 'yan watanni ta nemi canjin sashe, ko ta ajiye aikin gaba ɗaya, a rubuta cewa ta tafi don dalilin kanta.

Wannan giɓin ne tsare-tsaren farko suka zo cikewa. A asibitin Brigham and Women's da ke Boston, likitar tiyata Jo Shapiro ta jagoranci cibiyar tallafin abokan aiki da aka kafa a 2008. A asibitocin jami'ar Missouri, nas Susan Scott da abokan aikinta suka gina tsari mai hawa uku: taimakon nan take daga na kusa a sashe, sai horarrun abokan aiki, sai ƙwararru ga wanda abinsa ya wuce nan. Johns Hopkins ta buɗe nata, mai suna RISE, a 2011: lamba ce da ma'aikaci zai kira dare ko rana, wani horarren ɗan'uwansa ya amsa.

Darasin da ya fi ja hankalina ya fito ne daga alƙaluman RISE ɗin kansa. A watanni 52 na farko, kira 119 aka samu, mafi yawa daga ma'aikatan jinya. A katafaren asibiti irin wannan, kira biyu da ɗan ɗoriya ke nan a wata. Ba wai ba a buƙata ba ne. Wanda kunya ta rufe ba ya ɗaga waya, musamman likita, wanda yake ganin neman taimako amsa laifi ne. Shi ya sa tsarin da Shapiro ta yi ta kira a kai ya juya abin: kada a jira mutum ya zo, a je masa. Duk lokacin da aka samu mummunan al'amari, ko aka shigar da ƙarar likita kotu, sai wani abokin aiki ya kira shi ya ce, "Muna kiran duk wanda irin wannan ya shafa, ba kai kaɗai ba. In kana son magana, ga ni. In ba ka so, babu komai." Jimlar farkon nan ita ce ke ɗauke da dukkan nauyin. Ta cire masa tunanin cewa an ga rauninsa ne aka zo. Kuma ta bar masa ikon cewa a'a.

Ikon cewa a'a ɗin nan ba ladabi kawai ba ne, akwai tarihi a bayansa. An daɗe ana tara mutane bayan bala'i, cikin kwana ɗaya ko biyu, a sa kowa ya ba da labarin abin da ya gani da abin da ya ji daki-daki, a zama guda. Niyya mai kyau ce, kuma a ido kamar zai yi aiki. Amma nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara a 2002 ya nuna irin wannan zama guda da ake yi wa mutum ba ya hana ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i, wasu gwaje-gwajen ma sun nuna waɗanda aka yi wa sun fi shan wahala daga baya. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar a daina a 2005. Yawancin mutane suna farfaɗowa da kansu in suka samu barci, da mutanen da suka amince da su, da lokaci. Tone ciwo tun yana ɗanye da sunan taimako yana iya katse wannan. Sojojin ruwan Birtaniya sun bi wata hanyar da daga baya asibitoci suka ara: horarren abokin aiki ya zauna da mutum bayan kamar kwana uku, ya sake waiwayarsa bayan wata guda, yana lura ko yana samun sauƙi ko abin gaba yake yi, in gaba yake yi ya haɗa shi da ƙwararre.

Don haka aikin mai tallafi ƙarami ne a baki, mai wuya a aikace. Ya saurara, ya jure shiru ba tare da ya cike shi da nasiha ba. Ya tambayi abubuwan ƙasa-ƙasa: "Sista, kin samu barci? Akwai wanda ke tare da ke a gida? Gobe za ki iya shiga duti, ko in yi magana a sauya miki?" Kada ya zama mai bincike, kada kuma ya yanke hukuncin da bai da hurumi. In kuskure ne aka yi, cewa "ba ki yi komai ba" ƙarya ce, ita ma ta sani, daga nan ba za ta ƙara yarda da maganarsa ba. Abin da zai iya faɗa da gaskiya shi ne, ma'aikata nagari suna kuskure, kuma ciwon da take ji shaida ce ta cewa ta damu da yaron. Sannan ya san iyakarsa. Wanda ya yi makonni ba ya barci, ko ya fara dogaro da ƙwaya don ya iya tsayuwa, ko ya furta cewa gara ya mutu, ya wuce hira. Nan aikin mai tallafi shi ne ya yi tambayar kai tsaye ba tare da kwana-kwana ba, ya kuma raka shi har wurin mai magani.

Duk wannan ya shafi babban al'amari na rana ɗaya. Galabaitar aiki kuwa tarawa take yi a hankali, kuma a nan zaman ƙungiya ya fi shiga. Tun a shekarun 1950 Michael Balint da matarsa Enid suka fara tara likitocin unguwa a Landan, su tattauna mara lafiyan da ya tsaya wa likita a rai, ba don neman sunan cutarsa ba, don fahimtar abin da ke tsakaninsu. Irin wannan zaman yana nan har yau da sunan Balint. Akwai kuma zaman Schwartz, wanda ya samo suna daga Kenneth Schwartz, lauya a Boston da sankarar huhu ta yi ajalinsa a 1995, wanda kafin rasuwarsa ya kafa cibiya don kare tausayi a aikin jinya. An fara zaman a 1997, ya isa Birtaniya a 2009. Awa guda ce, yawanci sau ɗaya a wata. Mutum uku ko huɗu su ba da labarin abin da wani aiki ya yi wa zuciyarsu, sauran su saurara su tofa albarkacin bakinsu, kuma ƙa'ida ce ba a zo warware matsala ba. Ƙofa a buɗe take ga kowa, daga babban likita har mai tura gado.

Shin yana aiki? A nan ya kamata a yi magana da awo. Binciken da Jill Maben ta jagoranta a Ingila, wanda aka buga a 2018, ya samu cewa cikin masu zuwa zaman Schwartz a kai a kai, masu fama da matsananciyar damuwa sun ragu daga kashi 25 zuwa 12, waɗanda ba sa zuwa kuwa daga 37 zuwa 34 kawai. Sakamako ne mai daɗin ji, amma mutane da kansu suka zaɓi zuwa, kuma tun farko masu zuwan sun fi sauƙin damuwa. Mai yiwuwa wanda ya fi buƙata shi ne wanda ba zai iya barin gadajensa na awa guda ba. Gwajin da ya fi tsauri shi ne na asibitin Mayo da ke Amurka, wanda Colin West da abokansa suka buga a 2014. Likitoci 74 aka raba biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba kowa awa guda duk mako biyu cikin lokacin aiki, har wata tara. Rabi suna zama a ƙananan ƙungiyoyi da mai jagora, rabi suna yin abin da suka ga dama da awarsu. Masu zaman ƙungiya sun ƙara jin aikinsu yana da ma'ana, kuma janyewar zuciyar nan daga marasa lafiya ta ragu, har bayan shekara. Amma a matsin lamba, da alamun ciwon damuwa, da gamsuwa da aiki, ba a ga wani bambanci mai ƙarfi ba.

A ganina wannan sakamakon ya faɗi gaskiyar lamarin fiye da duk wata talla. Zama da 'yan'uwa yana dawo wa mutum da dalilin da ya kawo shi aikin, yana buɗe zuciyar da ta kulle. Nauyin aikin kuwa yana nan yadda yake. A kuma lura da abin da ya sa gwajin ya yiwu tun farko: asibitin ne ya biya awar.

Abin da ke kashe irin waɗannan tsare-tsare tun ba su tashi ba shi ne tsoro. A binciken nan na Boston, bayan rashin lokaci, manyan abubuwan da likitoci suka ce suna hana su neman taimako sun haɗa da fargabar tonuwar asiri da fargabar abin ya taɓa makomar aikinsu. Ba zargi ne mara tushe ba. Lorna Breen, shugabar sashen gaggawa a wani asibiti a New York, ta kashe kanta a watan Afrilun 2020, a tsakiyar guguwar korona ta farko, kuma iyalinta sun ce ta ji tsoron neman magani zai iya raba ta da lasisinta. Hukumomin ba da lasisi da dama a Amurka sun daɗe suna tambayar likita ko ya taɓa jinyar ƙwaƙwalwa. A watan Maris na 2022 aka sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunanta don tallafa wa lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya. A Ingila kuma, shari'ar Hadiza Bawa-Garba, likitar yara da aka samu da laifi a 2015 kan rasuwar wani yaro a 2011, a ranar da asibitin ke fama da ƙarancin ma'aikata da matsalar kwamfuta, ta jefa likitoci cikin fargabar cewa abin da suka rubuta na nazarin kuskurensu zai iya komawa hujja a kansu. An soke rajistarta a farkon 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta maido da ita a watan Agusta na shekarar, amma tsoron ya riga ya shiga.

Saboda haka mai tallafi ba ya rubuta abin da aka faɗa masa. Ba ya zama shugaban wanda yake tallafa wa, ba ya cikin kwamitin da ke bincikensa, ba shi ke cike masa takardar ƙarin girma ba. Kuma tun a farkon zama yana faɗin iyakar sirrin: in akwai haɗari ga ranka ko ga mara lafiya, ba zan yi shiru ba. Magana ɗaya ta fita daga irin wannan zaman ta isa ofishin shugaba, to shi ke nan, ba wanda zai ƙara buɗe baki a asibitin.

Akwai kuma tambayar wane ne abokin wa. Asibiti wuri ne mai matakala. Ƙaramin likita ba zai saki jiki da wanda ke sa hannu a takardar horonsa ba, nas kuma ba lalle ta yarda likita ya san irin nata nauyin ba. Mafi yawan bincike a kan likitoci aka yi, sai nas-nas. Mai wanke ɗakin tiyata bayan an fitar da gawa, direban motar asibiti da ya ɗauko yara daga wurin haɗari, ma'aikacin ɗakin ajiye gawa, mai gadin da dangin mamaci suka huce a kansa, duk sun ga abin da likita ya gani, wani lokaci fiye, amma ba kasafai ake tuna su ba. Abin da aka yi a Saliyo bayan annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kashe ma'aikatan lafiya sama da 500 a yammacin Afirka, ya nuna ana iya yin dabam. Ƙwararru daga Landan sun horar da wasu daga cikin ma'aikatan cibiyoyin jinyar Ebola, su kuma suka jagoranci zaman ƙungiya ga 'yan'uwansu da ke fama da damuwa da firgici. Inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su taka kara sun karya ba, abokin aiki ba zaɓi na biyu ba ne, sau da yawa shi kaɗai ne ake da shi.

Masu tallafin su ma mutane ne. A kowane sashe akwai wadda kowa ke kai wa kukansa, tun kafin a ƙirƙiro wani tsari. In aka zo zaɓe ita za a nuna, kuma daidai ne, domin wanda abokan aiki suka zaɓa ya fi wanda shugaba ya naɗa. Amma in aka ƙara mata wannan a kan cikakken dutinta, ba a rage mata komai ba, ba wanda ke jin nata, to an ɗauki mafi tausayi a sashen an tura ta gaba a layin galabaita. Dole su ma su riƙa zama da ƙwararre lokaci-lokaci, su sami damar cewa wannan watan ba zan iya ba. Sannan ba duk taruwar abokan aiki ce tallafi ba. Zaman da kullum ƙorafi ne a kan abu guda, a tashi kowa ya fi yadda ya zo ɗaci, yana yaɗa gajiyar ne. Mai jagora da ya san aikinsa shi ne bambancin.

Sai babbar maganar. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta suka buga binciken asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka. Duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyinta, yiwuwar mutuwar mara lafiyan tiyata cikin kwana 30 tana ƙaruwa da kashi 7, yiwuwar galabaitar nas ɗin kuma da kashi 23. Abu ɗaya ne ke kashe mara lafiya yake kuma cinye mai jinyarsa. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da dama a 2017 ya samu cewa gyaran da aka yi wa tsarin aiki ya fi rage galabaitar likitoci a kan wanda aka nufi mutum shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi hasashen giɓin ma'aikatan lafiya kimanin miliyan 11 nan da 2030, mafi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Kowane wanda ya tafi, nauyinsa a kan waɗanda suka rage yake sauka, su ma su fara duban ƙofa.

Wani ɓangare na abin da ke cin ma'aikata ma ba gajiya ba ce. A 2018 likitoci biyu, Wendy Dean da Simon Talbot, suka jawo hankali ga raunin da ke samun mutum in ya san abin da ya kamata ya yi wa mara lafiya, aka hana shi ko aka rasa kayan yi. Wanda ya zaɓi wa zai ba iskar oksijin ɗaya tilo tsakanin mutum biyu ba dabarar numfashi yake buƙata ba. Yana buƙatar wanda zai ce masa, "Na san zaɓin da aka sa ka yi, bai kamata a sa kowa ya yi shi ba." Yana kuma buƙatar silinda ta biyu. Shugabannin da suka kafa kwamitin tallafi don a daina yi musu maganar ɗaukar ma'aikata sun yi amfani da tausayin ma'aikata wajen rufe bakinsu, kuma ma'aikata suna ganewa da wuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In aka gayyace su zaman tallafi a ranar hutunsu ɗaya tilo, bayan an hana su hutun shekara, ba za su zo ba, kuma suna da gaskiya.

Akwai hanyar da tallafin zai taɓa tushen matsalar ba tare da ya ci amanar kowa ba. Masu tallafi suna jin abin da ba ya shiga rahoto. In mutum shida daga sashe ɗaya suka zo cikin 'yan watanni, kowa da labarin dutin dare mai mutum ɗaya, ko na babban da ke wulaƙanta ƙanana a gaban marasa lafiya, ko na kwalabe biyu masu kama da juna, to ba matsalar mutum shida ba ce. Ba tare da suna ko ranar da za a gane mutum ba, jagoran tsarin yana iya kai wa hukumar asibiti wannan hoton, a kuma wajabta wa hukumar ta dawo da amsa a rubuce: ga abin da muka gyara, ga abin da ba mu iya ba da dalilinsa. Asibitin da ke son sanin ko tsarinsa na gaske ne, ya duba ko lokacin zaman yana cikin jadawalin duti, ko akwai wanda ke riƙe gadajen nas in ta fita na awa guda, ko mai shara ya san lambar da zai kira, da kuma abu nawa aka canja a sassa bara saboda abin da masu tallafi suka kawo.